Biyan albashi ta katin cirar kuɗi: wa ya gwada, kuma yaya ta kaya?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ƙaramin kamfanin share-share, yawancin ma'aikatana na wucin gadi ne, da dama kuma ba su da asusun banki. Wani kamfani ya kawo min tayi: a ba kowane ma'aikaci kati, ranar albashi in tura kuɗin a dunƙule, su kuma su zuba wa kowa nasa. Wai zan huta da buga cak da ƙirga tsabar kuɗi. Don Allah wanda ya taɓa yi ya ba ni labari, da daɗi da ba daɗi.

Wani akanta: Wa alaikumus salam. Mun yi, kuma an sami sauƙi. Abin da ke cin kuɗi a tsarin cak ba takardar ba ce kawai. Akwai tawada, da ambulan, da kuɗin aikawa, ga wanda zai ce nasa ya ɓata, sai ka biya banki a dakatar da shi, ka sake buga wani. Ga kuma lokacin da nake ɓatawa ƙarshen wata ina neman cak ɗin da ba a kai banki ba tukuna, don lissafi ya daidaita. Duk wannan ya kau. Ma'aikacin da ya bar aiki ma, nan take ake zuba masa haƙƙinsa.

Wata ma'aikaciya: Malam akanta, ka faɗi naku ɓangaren, bari in faɗi namu. A inda na yi aiki rana tsaka aka raba mana katunan, ba wanda ya tambaye mu. In na ciri kuɗi a ATM ɗin da ba nasu ba, caji. In duba abin da ya rage, caji. Da katina ya karye a jaka, sabo ma sai da na saya. Abin da ya fi ba ni haushi, na'ura ba ta bayar da canji, kullum sai an bar wani ɗan guntu maƙale a katin. Ka tsaya gabanta kana ganin kuɗinka a rubuce, amma hannu ba ya kaiwa. Kuɗin da maigida ya daina kashewa, mu muka koma biya.

Akantan: Gaskiyarki, Hajiya. Wannan laifin yarjejeniyar ce. Kamfanonin katin suna samun kamasho daga 'yan kasuwa duk lokacin da aka yi sayayya da katin, saboda haka ba dole ne sai sun tatsi ma'aikaci ba. Mu sai da muka matsa aka rubuta cewa kowa zai iya cire albashinsa dungurungum a kantar banki ba tare da caji ba.

Mazaunin Amurka: A nan abin ya daɗe, har ya kai ga doka. Tun 2013 hukumar CFPB, mai kare masu mu'amala da bankuna, ta fito fili ta ce ba a tilasta wa ma'aikaci karɓar albashi ta irin wannan kati, dole a ba shi wani zaɓi. Daga Afrilun 2019 kuma sai an nuna masa jerin caje-cajen kafin ya karɓa. Masu buƙatarsa dai suna nan: binciken 2021 na hukumar FDIC, mai inshorar kuɗin ajiya a bankuna, ya nuna gidaje kusan miliyan 5.9 ba su da asusu. Ni kaina da katin na fara kafin in buɗe asusu, kuma ya raba ni da shagunan canjin cak masu yankar kaso. Kowace ƙasa da dokar ƙwadagonta, Yallaɓai, ka duba taku.

Wani mai gidan abinci: Ni nawa gajere ne. Ka ci gaba da ba su takardar albashi. Da muka daina, rigimar awannin ƙarin aiki ta ƙi ƙarewa, kowa yana ganin an zaftare masa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yanzu na sake buɗe takardar tayin, ga cajin barin kati ba amfani can ƙasa da ƙananan haruffa, ga na sauya kati. Malam akanta, in kati ya ɓata ana gobe albashi, wa ke biyan sabo a wurinku, kuma da me ma'aikacin zai riƙe kansa kafin ya iso?