Fitsari na kuɓuce min tun bayan haihuwa: wa aka taɓa yi wa hoton naman ƙasan mara?

Mai jego daga Birni: Assalamu alaikum ƴan uwa. Wata bakwai ke nan da haihuwata ta huɗu, amma in na yi atishawa ko na ɗaga bidon ruwa sai fitsari ya ɗiga. Sajfam, wato ungozomar asibiti, ta duba ta ce ba yoyon fitsari ba ne, sai dai in je a yi min eko na naman wurin, wato hoton na'ura irin na awon ciki. Wadda ta taɓa yi ta ba ni labari, gabana faɗuwa yake.

Uwar tagwaye, Sabon Gari: Kwantar da hankalinki ƙanwata, ba allura ba yanka. Daga waje ake ɗora kan na'urar, a ce ki yi nishi, sannan ki matse. Ni can asirina ya tonu: ashe in an ce matse, turawa ƙasa nake yi. Wata biyu cur ina wahalar banza da atisayen matse naman, sai da na gani a allo da idona.

Ɗalibar likitanci: Yaya, ba ke kaɗai ba ce. Naman nan ba shimfiɗa ɗaya ba ne. Kun san dafaffen nama in za a yage shi sili yake bi? To silin wannan kowane da inda ya dosa. Akwai wanda ke tashi daga ƙashin mara ta gaba, ya zagaya bayan dubura, ya dawo ɗaya gefen, kamar majanyi. Shi ya sa matsewar gaskiya sama take ja da gaba. Atisayen matse naman da ake koya mana Arnold Kegel ne, wani likitan Amurka, ya wallafa shi a 1948. A 2004 kuma masu bincike a Jami'ar Michigan suka gina siffar naman a kwamfuta daga hoton IRM (MRI, na'urar maganaɗisu mai ɗaukar hoton cikin jiki), suka lissafa cewa lokacin fitowar kan jariri wani sashensa na miƙewa fiye da ninki 3 na tsawonsa.

Hajiya daga Zango: Ninki uku! Allah ya saka wa uwa da alheri. Mu dai a zamaninmu wankan jego ne da kunun kanwa har arba'in, goma na haifa ban san wani eko ba.

Ungozoma, Mirya: Hajiya, Allah ya ƙara lafiya, amma sa'o'inki nawa ke zuwa min a ɓoye mahaifa ta sauko? Ruwan zafi ba ya mai da naman da ya tsinke. Abin da ma ya fi damuna, mace ko sati biyu ba ta yi ba ta koma daka da jidon ruwa. Kun san dai halin ruwa a Damagaram.

Maman ƴan uku: Ni nawa ya wuce atisaye. Naƙudar fari ta daɗe, da ƙarfe aka jawo yaron. Sai bayan shekaru, da na je Yamai aka yi min IRM, likita ya nuna min gefen dama majanyin nan ya rabu da ƙashi, na hagu kaɗai ke riƙe. Na yi kuka, amma wallahi na ji sanyi, don dā ca nake lalacina ne. Yanzu zoben roba aka sa min mai tallafe mahaifa, har kasuwar Dole nake zuwa da ƙafata.

Ɗalibar likitanci: Sannu Maman ƴan uku. Akwai ma wani salon IRM, DTI, da ke zana silin kansa. Ruwan jiki ya fi saurin bin tsawon sili a kan ratsa shi, sai na'ura ta bi sawun ruwan ta fitar da zaruruwa masu launi. Da ƙwaƙwalwa ya yi suna, a ƙasan mara kuwa yawanci aikin masu bincike ne, kar wata ta sayar da akuyarta tana nemansa.

Mai jego daga Birni: Na gode ƙwarai. Ranar Litinin zan je in sha Allah. Uwar tagwaye, da mara cike ake zuwa kamar ekon ciki, ko sai an yi fitsari tukuna?