Lemon na'a-na'a da lemon tsami yana yi mini ɗaci, ina kuskuren yake?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah ina neman shawara. Watan jiya mun je Abuja ni da maigida, muka shiga wani gidan abinci aka kawo mini wani lemo mai ganyen na'a-na'a da lemon tsami da ƙanƙara, a takardar abincin an rubuta mojito. Tunda nake ban sha abin da ya wanke mini maƙoshi kamarsa ba. Da na dawo gida na gwada sau uku. Ina zuba na'a-na'a da lemon tsami da sukari a blanda in markaɗe, in tace, in zuba ruwa mai gas, in sa a firiji. Duk sau ukun ɗaci yake yi, launinsa ya koma kamar ruwan zogale, gas ɗin kuma ya mutu. Ranar Asabar dangin maigida za su zo, kusan mutum 15, kuma shi nake so in tarbe su da shi.

Abu na biyu shi ya fi damuna. Da na duba intanet sai na ga ana cewa asalinsa da giya ake haɗa shi, wata da ake kira rum. Wallahi gabana ya faɗi. Ke nan abin da na sha akwai giya a ciki? In kuma an cire ta, me ake sawa a madadinta?

Wani ɗan'uwa, ma'aikacin otal a Jos:
Wa alaikumus salam Hajiya. Bari in fara da abin da ya tayar miki da hankali. Abin da kika karanta gaskiya ne. Wannan abin sha na ƙasar Kyuba ne, ana kuma furta sunan "mohito", domin a Sifaniyanci harafin j kamar h yake fita. A birnin Habana akwai wata mashaya, La Bodeguita del Medio, da aka buɗe a 1942, wadda ta yi suna da shi har baƙi ke zuwa musamman dominsa. Abu biyar ne a cikin na asali: farar rum, sukari, lemon tsami, na'a-na'a da ruwan soda. Ita rum giya ce da ake yi daga rake, galibi daga baƙin ruwan da yake saura bayan an fitar da sukari, a bar shi ya ruɓa sannan a tace shi da wuta. Ƙarfinta yakan kai kashi 40 cikin 100. Kyuba ƙasar rake ce, shi ya sa ta shiga cikin abin shansu.

Amma akwai wanda ba a sa masa giya ko ɗigo, ana rubuta virgin a gaban sunansa, ko a jera shi a ɓangaren da aka rubuta mocktail. Gidan abincin da ba ya sayar da giya wannan yake yi. Kuma rum tana da wari da zafi a maƙoshi, wanda bai saba da ita ba sau da yawa yakan ji ta. Ki kira su ki tambaya don zuciyarki ta natsu. Nan gaba kuma, a wurin da ake sayar da duka biyun, ki faɗa da bakinki cewa marar giya kike so kafin a haɗa.

Wata 'yar'uwa mai sana'ar lemo a Kaduna:
Ƙanwata, blandar nan ita ce ta cuce ki. Shekarata huɗu ina haɗa wannan lemon a wajen biki da suna, kuma irin kuskurenki na fara yi. Ƙamshin na'a-na'a yana cikin wani mai da ke saman ganyen, taɓawa kaɗan yake so ya fito. In kika yayyaga ganyen kika niƙe shi, ruwan cikinsa mai ɗaci da warin ciyawa ne zai fito, shi ne kuma yake baƙanta miki launi bayan ɗan lokaci. Sannan ban sani ba ko da ɓawo kike jefa lemon tsamin. Farin nan da ke ƙarƙashin ɓawo da 'ya'yan ciki duk ɗaci ne zalla.

Ga yadda nake yin kofi ɗaya. Tun da wuri nakan dafa ruwan sukari, kofi ɗaya na sukari da kofi ɗaya na ruwa, da ya narke in sauke ya huce. Dalili shi ne sukari ba ya narkewa da kyau a ruwan sanyi, sai ya kwanta a ƙasa, sama tsami ƙasa zaƙi. Sai in ɗauki ganye 8 zuwa 10, ban da kara, in ɗora a tafin hannu in tafa sau ɗaya. Za ki ji ƙamshin ya tashi nan take. In zuba a dogon kofin gilashi, in sa ruwan sukari cokali ɗaya da rabi na cin abinci, ruwan lemon tsami shi ma cokali ɗaya da rabi. In sa gindin muciya ƙarama ko bayan cokali in danna ganyen a hankali sau huɗu ko biyar. Dannawa na ce, ba daka ba. Idan ganyen ya yage, kin wuce gona da iri. Sai in cika kofin da ƙanƙara, in zuba ruwan soda mai sanyi ta gefen kofi, in juya sau ɗaya daga ƙasa zuwa sama, in soka reshen na'a-na'a a kai. Reshen nan ba ado kawai ba ne, hanci ne yake fara sha kafin baki.

Mai tambaya:
Anti na gode, Allah Ya saka da alheri. Gaskiya da ɓawon nake markaɗawa, na ɗauka zai ƙara ƙamshi. Ruwan gas ɗin kuma Schweppes na saya, wanda aka rubuta tonic a jikinsa.

'Yar'uwa mai sana'ar lemo:
To ai ga ɗaci na uku nan. Tonic daban, soda daban, ko da kamfani ɗaya ya yi su. A cikin tonic akwai kwinin, sinadarin nan mai ɗaci da aka daɗe ana maganin zazzaɓin cizon sauro da shi, an kuma ƙara masa sukari. Wanda aka rubuta soda water za ki nema, ruwa ne da gas kawai. In kin rasa, Sprite ko 7Up za su yi, amma ki rage ruwan sukarin zuwa rabi ko ki bar shi gaba ɗaya, in ba haka ba zaƙin zai danne tsamin.

Wata uwa daga Kano:
'Yata, ni ina da ja a kan hana blanda baki ɗaya. Duk wanda ya je Umara ya san lemon da Larabawa ke yi a Makka da Madina, laimun bin na'ana, kore shar, kuma markaɗa shi ake yi. Bambancin shi ne suna fere lemon su cire 'ya'yan, su markaɗa da ƙanƙara na ɗan lokaci kaɗan, a sha a take. Ba sa ajiye shi, ba sa kuma sa masa gas. Wannan wani abin sha ne mai zaman kansa, kuma ni shi na fi so da azumi. Abin da ya ɓata naki shi ne kin haɗa hanyoyi biyu, kika kuma kai shi firiji ya jira baƙi. Ruwan lemon tsami in ya daɗe bayan matsewa ɗaci yake ƙarawa.

Shawarata ɗaya: in surukanki sun tambayi sunansa, ki ce lemon na'a-na'a ne. Wani dattijon in ya ji sunan abin da ake sha a mashaya ransa ba zai so ba, ko da babu komai a ciki, kuma bai kamata ki sa baƙonki cikin shakka a kan abin da kika ba shi ba.

Ɗan'uwa ma'aikacin otal:
Maganar Mama gaskiya ce. Akwai kuma abu biyu da nake so ki kiyaye in kina bin girke-girken intanet. Wasu za su ce a ɗiga Angostura bitters, wata 'yar kwalba mai takarda da ta fi ta girma. Giyar cikinta kashi 44.7 ce cikin 100, ta ma fi rum ɗin kanta ƙarfi, kuma ita ce ake ɗigawa a cikin Chapman a wurare da dama ba tare da mai sha ya sani ba. Wasu kuma za su ce ki sayi ƙamshin rum na kek a madadin giyar. Irin wannan ƙamshin sau da yawa a cikin giya ake narkar da shi, don haka ki karanta jikin kwalbar, ko ki rabu da shi kawai.

Game da abin da za ki sa a gurbinta, rum tana kawo ɗan zafi da ɗanɗanon rake. Zafin za ki samu daga ɗanyen citta, yanka biyu siriri ki danna tare da ganyen. Ɗanɗanon raken kuwa, ki yi ruwan sukarinki da rabin farin sukari rabin mazarƙwaila. Launin zai ɗan yi duhu amma daɗin ya fi.

'Yar'uwa mai sana'ar lemo:
Saura lissafin mutum 15. Kada ki ce za ki tsaya danna ganye kofi-kofi baƙi na zaune. Ranar Juma'a ki dafa ruwan sukarin, da kin sauke ki zuba na'a-na'a cike da hannu biyu, ki rufe minti 15 zuwa 20, ki tace ki sa a firiji. Kada ki tafasa ganyen a kan wuta, zai koma ɗanɗanon shayi. Ranar Asabar, awa ɗaya kafin su iso, ki murza lemon tsamin a kan tebur da tafin hannu don ya saki ruwa, ki matse ki tace. Kina buƙatar kamar mililita 350 na ruwan lemon, 350 na ruwan sukarin, da soda lita 2. Ki haɗa lemon da sukarin a jug. Sodar kuwa ta zauna a rufe cikin sanyi har sai an zo zubawa, domin ruwa mai sanyi ya fi riƙe gas. Kowane kofi ki sa sabon ganye uku da kika tafa, cokali uku na haɗin, ƙanƙara, sannan soda.

Ki kula da ƙanƙarar. Ta kasuwa da ake sanyaya kwalabe da ita ba ta shiga kofi, ba ki san da wane ruwa aka yi ta ba. Ki daskarar da taki tun ranar Alhamis saboda halin wutar nan, ki zuba a kula. Na'a-na'ar kuma ki tsoma karanta a kofin ruwa kamar fure, za ta kai Asabar ba ta yi yaushi ba.

Mai tambaya:
'Yan'uwa na dawo da labari. Na kira gidan abincin, sun ce ba sa sayar da giya kwata-kwata, alhamdulillahi hankalina ya kwanta. Yau da yamma na gwada kofi biyu yadda Anti ta ce, ɗaya da citta ɗaya babu. Babu ɗaci ko kaɗan, ganyen yana nan kore har na shanye. Maigida ya zaɓi mai cittar, ni kuma marar cittar ya fi kama da wanda na sha a Abuja, don haka zan yi jug biyu. Mama, na karɓi shawararki a kan sunan. Abu ɗaya ya rage: kawun maigida yana da ciwon sukari, na yi niyyar in yi masa nasa da lemon tsami da ganye da soda kawai. Anti, cokali nawa na lemon zan sa don kada tsamin ya yi masa yawa?

'Yar'uwa mai sana'ar lemo:
Rabin cokali ya isa, ki ƙara masa ganye, ki sa yankan kokwamba uku ki danna tare. Kokwambar tana sassauta tsamin. Ki fara ɗanɗanawa kafin ki miƙa masa.