Neman kalma: me za mu kira "vigilantism" da Hausa?

Mai fassara, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum jama'a, na zo da ƙoƙon bara. Aikina fassarar labarai a wani gidan rediyo a nan Kaduna, kuma tun jiya kalma guda ta tsaya mini a maƙogwaro kamar ƙayar kifi, wato "vigilantism".

Ga inda ta fito. Muna haɗa shiri a kan yadda mutane ke tashi su tsare unguwanninsu idan gari ya rikice, sai aka miƙo mini wani rubutu a kan abin da ya faru a garin Kenosha na jihar Wisconsin a Amurka, a watan Agustan 2020. Tarzoma ta ɓarke bayan ɗan sanda ya harbi wani baƙar fata mai suna Jacob Blake. Wani yaro ɗan shekara 17, Kyle Rittenhouse, ya rataya bindiga ƙirar AR-15 ya shiga gari, ya ce gadin dukiyar mutane ya je yi. A daren ya harbe mutum biyu har lahira, ya raunata na uku. A Nuwamban 2021 kotu ta sallame shi bisa hujjar cewa kansa ya kare. Masu sukarsa kuwa "vigilante" suke ce masa, kuma a bakinsu zagi ne.

Na rubuta ɗan banga, na goge. Na rubuta ɗan sintiri, na goge. Mai saurare a Rigasa idan ya ji ɗan sintiri, wanda zai faɗo masa a rai shi ne bawan Allahn nan mai tocila da usur, wanda ake tara wa kuɗi gida-gida a ƙarshen wata. Ina zagi a nan? Mu a Najeriya mun ari kalmar Baturen mun yi mata wankan tsarki, har muna da 'yan bijilanti masu kaki da katin shaida. Ku taimake ni da kalmar da za ta ɗauki kayan da ta ɗauko daga can.

Tsohon malamin Hausa, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Ɗana, gara da ka goge ɗan banga. Banga daga "vanguard" ta fito, zamanin siyasar NEPU da NPC, samarin da ke gaba-gaba a wajen lacca suna kare jam'iyya, wani lokacin kuma su watsa taron abokan hamayya. Shi ya sa har gobe ake cewa bangar siyasa. Sintiri ma aro ce, daga "sentry" ta bariki. Gadi haka. Idan namu na gado kake nema, akwai dogarai da 'yan doka, amma su na sarki ne da En'e, wato hukumar gargajiya ta da, da hurumi suke aiki. Akwai 'yan tauri da mafarauta, su kuma sana'a ce da gado. Babu ɗaya a ciki da ta dace da yaron nan naka.

Ɗan kasuwa, Kasuwar Barci:
Wai ina wahalar take ne? 'Yan sa-kai mana. Ko kato-da-gora, an gama.

Mai fassara, Unguwar Rimi:
Alhaji, ba a gama ba. Kato-da-gora suna ne da ya yi ƙarfi tun 2013, lokacin da matasan Maiduguri suka tashi da sanduna suka taya soja fatattakar Boko Haram daga cikin gari, mu ma a Kaduna muna kiran namu da shi. Sunan yabo ne, kuma gora ce a cikinsa, ba bindiga ba. Sa-kai kuwa kalma ce mai daraja: wanda ya je aikin gayya ɗan sa-kai ne, mai taimakon alhazai a sansani ɗan sa-kai ne. Abin da ya faru a Zamfara da kewayenta shi ya shafa mata baƙin jini, inda aka riƙa zargin wasu 'yan sa-kai da kama Fulani a kasuwa su kashe ba bincike, har gwamnati ta haramta su. Ba na so in ƙara wa kalmar nauyi. In na kira Rittenhouse ɗan sa-kai, rabin masu saurare za su ɗauka yabonsa nake yi, sauran rabin su ɗauka labarin dajin Birnin Gwari ne.

Lauya, Barnawa:
Malam, ina ganin abu uku ka haɗa a tukunya ɗaya, shi ya sa ta ƙi dahuwa. Bari in ware maka.

Kare kai daban yake, kuma Hausarsa ta zauna tuntuni. Tsarin mulkin 1999 a sashe na 33 ya tabbatar da 'yancin rayuwa, sannan ya keɓe wanda ya yi amfani da ƙarfi daidai gwargwado don kare wani daga farmaki ko don kare dukiya. Kundin Penal Code da Arewa ke aiki da shi ya gindaya sharaɗi biyu masu nauyi: kada ka wuce ƙarfin da ake buƙata, kuma idan akwai sararin neman agajin hukuma to wannan damar ba ta hannunka. Ma'ana, ɓarawo ya haura maka katanga da adda, ka tare shi, ka kare kanka. Ya juya ya ruga, ka tara samari kuka bi shi har bakin kogi kuka gama da shi, to nan labari ya sauya. Wannan na biyun kake nema wa suna.

Sai maganar bindiga. Don Allah in ka zo fassara "gun rights" kada ka bar mai saurare ya ɗauka mu ma muna da shi. A Amurka 'yanci ne, yana cikin gyara na biyu da aka yi wa tsarin mulkinsu a 1791, don haka "'yancin mallakar bindiga" daidai ne a labarinsu. Mu a nan izini ne, ana bayarwa ana hanawa. Dokar makamai ta 1959 ta kasa su uku. Irin na yaƙi, har da fistol, sai da izinin shugaban ƙasa. Irin mai baki biyu ta farauta, lasisinta na wajen sufeto janar na 'yan sanda. Bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, al'amarinta na hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Shi ya sa a Yunin 2022, da gwamnan Zamfara na lokacin, Bello Matawalle, ya ce jama'a su nemi bindiga su kare kansu, aka yi ta ce-ce-ku-ce, har babban hafsan tsaro ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. Ga labarin gida ka ce "izinin riƙe bindiga".

Na ukun, wato "vigilantism" ɗin kanta, ni dai "ɗaukar doka a hannu" na saba ji.

Tsohon malamin Hausa, Tudun Wada:
'Yata, kin warware mana, Allah ya yi albarka. Amma ɗaukar doka a hannu Turanci ne sanye da babbar riga. Gidajen rediyo suka juyo ta kalma-kalma, kunne ya saba. Je ki ƙauye ki gaya wa tsohuwa wane ya ɗauki doka a hannu, za ta tambaye ki ina zai kai ta. Sannan ba ta haifar da sunan mai yi. Za ka ce "mai ɗaukar doka a hannunsa ya harbe mutum biyu"? Kafin ka kai ƙarshen jimla an kira sallah.

Kai kuma mai fassara, ka gaya wa masu buga muku rubutu su riƙa lura da ƙugiya. Kare kai daban, ƙare kai daban. Na taɓa ganin an rubuta wai gwamna ya umarci jama'a su ƙare kansu.

Ma'aikaciyar jinya, Sabon Tasha:
Baba ka ba ni dariya, amma ni maganar nan ba ta kalma kaɗai ba ce a wurina. A Afrilun 2011, bayan zaɓe, ina gida da yara aka sa dokar hana fita. Samarin layinmu suka jawo bencina da tayoyi suka tare bakin layi, suka kwana a tsaye. Wallahi ba don su ba da ban runtsa ba, ni da kaina na dafa musu shayi. Washegari su ɗin dai, ba wasu ba, suka matsa bakin babban titi suna tsayar da masu wucewa suna tambayar suna. Kowa a Kaduna ya san abin da tambayar suna ke nufi a irin wannan rana, a tsallaken kogin nan da wancan duka. Mun gani a 2000, mun gani a 2002, shi ya sa yanzu kowa ya tattara ya koma inda nasa suke.

To ni abin da nake so ku lura da shi, mutanen ba su sauya ba, rigar jikinsu ma ba ta sauya ba. Daren farko gadi suka yi. Da safe suka zama alƙalai. In kuka raɗa wa ƙungiya suna, kun bar baya da ƙura. Aikin za ku raɗa wa.

Mai fassara, Unguwar Rimi:
Yaya, kin buɗe mini ido. Kwana biyu ina neman sunan mutum, ashe sunan aiki ya kamata in nema.

Ga abin da ya zo mini. Bahaushe na cewa "ya yi gaban kansa" ga wanda ya zartar da abu ba tare da izinin mai izini ba. Yaro ya sayar da akuyar gida bai tambayi mahaifinsa ba, ya yi gaban kansa. Wakili ya ɗaura aure bai jira waliyyi ba, ya yi gaban kansa. Akwai zargi a cikinta tun asali, ba sai an ƙara mata gishiri ba. To me zai hana mu ce hukuncin gaban-kai, masu yi kuma 'yan gaban-kai? Ga ta ta yi kafaɗa da 'yan sa-kai, kunne zai kama bambancin nan take: wannan ya sa kansa, wancan ya yi gaban kansa.

Na gwada ta da labarin da ya fi mana ciwo. A Maris ɗin 2025, a Uromi ta jihar Edo, 'yan sintirin garin suka tare motar mafarauta da ke hanyar komawa Kano yin sallah, suka ga bindigogin farauta, aka yi musu kururuwar masu garkuwa da mutane, aka kashe mutum 16. Tare mota da bincike, a ce sintiri. Daga lokacin da aka yanke musu hukunci a bakin titi, ba ɗan sanda ba alƙali, ya zama hukuncin gaban-kai. Jimlar ta zauna daram.

Ɗalibi, Kawo:
Malam ban yarda ɗari bisa ɗari ba. Abu na farko, ana cewa "yana gaban kansa" ga wanda ya girma ya daina dogaro da iyaye, kada a ɗauka 'yan gaban-kai masu zaman kansu ne. Na biyu, wanda ya fi damuna: mutumin ƙauyen Birnin Gwari ko Giwa da 'yan bindiga suka kwashe masa shanu sau uku, ya kira jami'an tsaro ba su zo ba sai bayan an gama jana'iza, in ya haɗa kai da maƙwabta suka bi sawu, shi ma ɗan gaban-kai ne? Gaban wa zai yi in ba nasa ba, tunda babu kowa a gaban? Ai har Janar T. Y. Danjuma a 2018 a Jalingo cewa ya yi mutane su tashi su kare kansu, gwamnan Katsina na lokacin, Masari, ma ya faɗa a 2021.

Lauya, Barnawa:
Ƙanena, tambayarka ta fi ƙarfin ƙamus. Amma duba: bin sawu don ƙwato shanu magana ce da za a iya kare ta a gaban alƙali. Isa rugar da ba a tabbatar ba a cinna mata wuta don ƙabilarsu ɗaya da ɓarayin, wannan babu lauyan da zai wanke shi. Kalmar Malam ba ta hana na farkon sunansa na kare kai ba. Gwamnatoci ma layin da suke ta ƙoƙarin ja ke nan. Hukumar sintiri ta jihar Kaduna, KADVS, da dokar 2016 aka kafa ta, a 2023 aka ɗauki mutum 7,000. Katsina ta yi nata a 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa a farkon 2024. A takarda dukkansu kamawa za su yi su miƙa wa 'yan sanda. Ranar da ɗayansu ya kama ya hukunta da kansa, kakin jikinsa bai hana a ce ya yi hukuncin gaban-kai ba. Wannan ne ma ya sa kalmar ta burge ni, tana hawa kan mai kaki kamar yadda take hawa kan mai gora.

Tsohon malamin Hausa, Tudun Wada:
Ɗalibi yana da gaskiya a abu na farko. Magani shi ne kada a saki "gaban-kai" ita kaɗai a farkon labari. A fara da hukuncin gaban-kai, in kunne ya kama sai a gajarta. A rubuce kuma a sa karan ɗori tsakanin gaban da kai, kamar yadda muke yi wa sa-kai. Jam'i ba matsala: ɗan gaban-kai, 'yar gaban-kai, 'yan gaban-kai. Na amince, sai dai na san mutanenmu, shekara goma nan gaba ma 'yan banga za su ci gaba da cewa.

Ɗan kasuwa, Kasuwar Barci:
To mu da muke biyan kuɗin sintiri duk wata, yanzu me za mu kira yaranmu?

Mai fassara, Unguwar Rimi:
Alhaji, 'yan sintirinku suna nan a 'yan sintirinsu, a ci gaba da biya. Ga yadda na sa a rubutun da za a karanta gobe bayan labaran rana: "Kotu ta ce kansa ya kare, masu sukarsa kuwa suka ce ɗan gaban-kai ne da ya ɗauki bindiga ya je inda ba a aike shi ba." Edita ya karanta sau biyu, ya tambaye ni a wane ƙamus na samo ta. Na ce masa a Sabon Tasha. Ɗalibi, tambayarka ta Birnin Gwari na rubuta ta a gefe, zan miƙa wa mai gabatarwa ya jefa wa baƙin da aka gayyato.