Sanya hita a ƙarƙashin fatar kujerar mota: neman shawara daga Jos

Abu Maryam, Bukuru

Assalamu alaikum. Ina da Toyota Camry ƙirar 2012 wadda aka shigo da ita daga Amurka, kujerunta na fata ne, kuma babu hita a jikinsu. Daga Disamba zuwa Janairu, idan hunturu ya kankama, fatar takan yi sanyi ƙarara da asuba, ga shi kuma nakan ɗauko mahaifina, wanda yake fama da ciwon baya da ciwon sukari, zuwa cikin gari tun kafin rana ta fito. Na ga ana sayar da wasu shimfiɗu marasa kauri masu ɗumama kujera, waɗanda ake sanyawa tsakanin fata da soso. Shin aikin yana yiwuwa ba tare da an lalata kujerar ba, kuma batirin motar zai iya ɗauka?

Malam Garba mai wayarin, Farin Gada

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka sayi komai, a duba hitar motar ta asali, domin da yawa daga cikin makanikanmu sukan cire tamostat ɗin inji, wato na'urar da ke daidaita zafin injin, ko su yanke hanyar ruwan zafi da ke shiga dashbod, da hujjar cewa ƙasarmu ƙasar zafi ce. Wannan hujja ba ta dace da garin da yake kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 ba. Idan babu tamostat, inji yakan daɗe bai yi ɗumi ba, iskar da ke fitowa ma sanyi za ta riƙa kawowa, kuma mayar da tamostat ɗin ya fi buɗe kujera sauƙi da araha.

Game da batir kuwa, babu abin damuwa. Shimfiɗa biyu na kujera ɗaya, ta mazauni da ta jingina, sukan ja amfiya 3 zuwa 5 a wutar mota mai bolt 12, kuma oltaneta, wato na'urar da ke cajin batir, idan tana da lafiya ba za ta ji wannan nauyi ba. Inda ake samun ɓarna shi ne wurin ɗauko wutar. Dole ne a ja waya mai kauri ta bi ta fiyus nata na kanta, a sa rile, wato makunni mai aiki da kansa, wanda ba zai saki wuta ba sai an kunna mota, domin idan aka haɗa kai tsaye da batir, ranar da aka manta maɓallin a kunne za a wayi gari mota ta ƙi tashi. Kada ka yarda a murɗe wayoyi da hannu a naɗe da salatif, kuma a ɗaure su nesa da ƙarfen da kujera ke gudu a kansa, saboda turawa gaba da baya yana cin rigar waya sannu a hankali har ta haɗu da ƙarfe.

Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne soket mai launin rawaya da ke ƙarƙashin kujera, wanda na jakar iska ne, wato jakar da ke kumbura ta kare mutum idan an yi haɗari. Ba a taɓa shi sai an cire kan batir an jira aƙalla daƙiƙa 90, kuma ba a kunna mota alhali yana cire, in ba haka ba fitilar gargaɗi za ta kama a dashbod, a wasu motocin ma ba za ta mutu ba sai an sa kwamfuta.

Alhaji Sabo mai ɗinkin kujeru, Apo, Abuja

Malam Garba ya gama maganar wuta, bari in taɓa ɓangarenmu. Fatar kujera ba a lulluɓe kawai take ba; a bin kowane layin ɗinki mai zurfi akwai siririn ƙarfe a cikin soso, wanda ake kama fatar da shi da ƙananan zobba. Waɗannan zobba ake datsewa ɗaya bayan ɗaya, a ɗage fatar, a manna shimfiɗar a kan soso lumui ba tare da ta naɗe ba, sannan a mayar da sababbin zobba da filaya ta musamman. Wanda ya yi ƙyuya ya tsallake wasu, fatar za ta yi tattara, layin ɗinkin ya taso.

Shimfiɗun iri biyu ne. Mai siririyar waya a ciki ba a yanka ta ko kaɗan, domin da zarar wayar ta katse a wuri ɗaya, shi ke nan ta mutu. Mai zaren kabon ta fi dacewa da wannan aiki, saboda ana iya rage tsawonta, a kuma huda tsakiyarta inda zobba za su ratsa, muddin ba a taɓa gefuna biyun da ke ɗauke da wutar ba. Ni ita nake zaɓa.

Akwai wurare biyu da nake jan hankalin yarana a kansu. Na farko shi ne gefen jingina na wajen ƙofa, inda jakar iska take, wanda aka yi wa ɗinki na musamman domin ya yage idan ta fashe; ba a rufe shi da komai, ba a kuma sake ɗinka shi da zaren kasuwa. Na biyu shi ne kujerar mai zaman banza, wadda a motocin Amurka na wannan zamani take da na'urar gane ko akwai mutum a zaune. A wasu motocin tana jikin ƙarfen gindin kujera, a wasu kuma tana cikin mazaunin, kuma idan shimfiɗa ce a saman soso, ni ba na ɗora hita a kanta. A buɗe a gani kafin a yi ciniki.

Maman Khalil, ma'aikaciyar jinya, Jos

Malam Abu Maryam, Allah ya ba Baba lafiya. Tunda ka ambaci ciwon sukari, ina roƙonka ka yi hattara, domin idan ciwon ya daɗe yakan rage ji a fatar jiki, ta yadda mutum zai ƙone bai sani ba. Zafin da bai wuce digiri 44 a ma'aunin Selsiyos ba yana iya ƙona fata idan aka daɗe a kansa na tsawon sa'o'i, kuma da zafin ya ƙaru, lokacin yakan ragu ƙwarai. Ka tabbatar wadda za ka saya tana da abin da ke yanke wuta idan zafi ya kai iyaka, a ɗumama kujerar kafin Baba ya shiga, sannan a kashe ko a bar ta a mataki mafi ƙanƙanta.

Abu Maryam, Bukuru

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan fara kai motar a duba tamostat. Malam Garba, idan aka zo sanyawa, ina so a ajiye maɓallin kujerar Baba a kusa da giya, inda hannuna zai kai ina tuƙi.