Hular kwano mai ɗaga haɓa: shin tana tsare fuska ko kuwa?

Ƙanin Kowa: Assalamu alaikum. Iyayena da yayyena, shawara nake nema. Hular kwanona ta gaji, soson ciki ya lotsa har in na waiga sai ta riƙa juyawa a kaina. Raina ya kwanta da irin wadda gabanta yake ɗagawa sama gaba ɗaya, haɓa da gilashi tare, saboda tabarau nake sawa, kuma cusa shi ta tagar rufaffiyar hula wahala ce kullum. To jiya wani ya ce min: "Duk hular da hannunka zai buɗe, kwalta ma za ta buɗe ta." Maganar ta tsaya min a rai. Haka ne?

Dattijo: Wa alaikumus salam. Ɗana, wanda ya gaya maka haka masoyinka ne. Rufaffiyar hula ƙwarya ɗaya ce, daga ƙeya har haɓa, babu mahaɗa. In ta bugi ƙasa, dukan yana bazuwa a jikinta duka. Mai ɗagawa kuwa gida biyu ce aka haɗa da majuyi a gefen kunne da ƙugiya a ƙasa, kuma kowa ya san abu daga mahaɗarsa yake karyewa. Wani masani a Jamus, Dietmar Otte, ya bi diddigin inda huluna suke buguwa a haɗarin babur, ya tarar kusan kashi 35 cikin 100 na dukan a yankin haɓa yake sauka. Wato wurin da ya fi shan duka, nan ne kake son ka sa ƙofa. Ka duba masu tseren MotoGP, babbar gasar babura ta duniya, akwai wanda ka taɓa gani da mai ɗagawa? Kamfanin Arai na Japan ma, duk sunan da ya yi a wannan sana'a, ba ya ƙera irinta.

Mai Dogon Zango: Baba, Allah ya ƙara girma, amma a nan zan saɓa maka. Lissafin Otte gaskiya ne, sai dai abin da yake nunawa shi ne haɗarin hular da ba ta da haɓa sam. Bai ce haɓar da aka kulle ba ta aiki ba. Ƙanina, ka juya maɗaurin da ke ƙarƙashin haɓa, za ka ga wani ƙyalle an ɗinka. In hular ta ci jarabawar Turai, wato ECE, akwai harafin E a cikin da'ira tare da lamba: E1 Jamus ce ta tantance, E2 Faransa, E3 Italiya. A jerin lambobin da ke ƙasa akwai harafi. P na nufin an daki haɓar a gwaji ta kare. J na nufin hula ce marar haɓa. NP kuwa, haɓar tana nan amma ba ta kariya, iska da ƙura kawai take tarewa. Mai ɗagawa da ke ɗauke da P, gwajin haɓar da aka yi wa rufaffiya shi aka yi mata. Ba alfarma aka yi mata ba.

Dattijo: Cin jarabawa daban, zama na ɗaya a aji daban. Wannan ma'aunin mafi ƙarancin abin da za a yarda da shi ne.

Mai Dogon Zango: Na yarda, Baba. Shi ya sa ban tsaya a nan ba. Gwamnatin Birtaniya tana da shiri mai suna SHARP tun 2007, suna sayen huluna a kasuwa su daddake su, su ba da taurari daga 1 zuwa 5. In hular mai ɗagawa ce, sai su ƙara da wani lissafi: a cikin dukan da aka yi mata, kashi nawa haɓar ta zauna a kulle. Akwai masu samun kashi 100, akwai waɗanda suke buɗewa sau da yawa. To ka ga maganar da aka gaya wa yaron nan gaskiya ce a kan wasu huluna, ƙarya ce a kan wasu. Kuskuren shi ne kalmar "duk".

Makanike: Ku ba ni dama in sa baki, don ni hannuna ya taɓa cikin abin. Sirrin hular nan duk yana makullinta. Ƙanina, in ka ɗauke ta, ɗaga haɓar ka leƙa gefe da gefe, daidai inda kumatu suke. Za ka ga wasu 'yan turaku biyu, su ne ƙugiyar haɓa take kamawa. In ƙarfe ne da ƙarfe, madalla. In roba ce take kama roba, ajiye ta ka ƙara gaba. Sannan ka sa ta a kai, ka sauke haɓar a hankali. Dole ka ji "ƙas" a ɓangarorin biyu. Na taɓa riƙe wata da gefen dama ya kama, na hagu bai kama ba, a ido kamar a rufe take, amma da na sa babban yatsa a ƙasan haɓar na tura sama, sai ga gefen hagun ya yi baki. Mai ita ya yi wata da watanni yana yawo da ita a haka bai sani ba. Shi ya sa nake son tsarin da kamfanin Nolan suke yi a wasu hulunansu, madanni biyu ne, sai ka ja ɗaya ka danna ɗaya kafin ta buɗe. Da wuya faɗuwa ta yi maka wannan aikin biyu a lokaci guda.

Ƙanin Kowa: Yaya, to mai tambarin DOT fa? Na ga an rubuta shi a bayan wasu.

Mai Dogon Zango: Wannan ma'aunin Amurka ne, FMVSS 218. Kamfani ne da kansa yake shaida cewa hularsa ta cika sharaɗi, hukuma ta zo daga baya ta ɗauki samfuri ta gwada. Kuma babu gwajin dukan haɓa a cikinsa. Ga mai ɗagawa, DOT kaɗai bai amsa tambayarka ba. Nemi ECE 22.06, shi ne sabon da ya gaji 22.05, an ƙara masa gwajin duka a karkace, irin wanda yake murɗa kai.

Dattijo: Duk na ji, kuma na ƙaru. Amma ba ku taɓo abin da ya fi damuna ba. Ba ƙarfen nake tsoro ba kamar mai hular. Ku tsaya a bakin titi ku ƙirga masu irin wannan hula, nawa ne haɓarsu take sauke? Zafi ya taso, mutum ya ɗaga ya ce bari in sha iska, gobe ma haka, jibi ya zama jiki. Rufaffiya ba ta ba ka wannan zaɓin, kuma alherinta ke nan.

Mai Tabon Haɓa: Baba ya faɗi abin da ya same ni. Tawa mai kyau ce, P ce, makullin ƙarfe. Na tsaya na tambayi hanya, na ɗaga haɓar, da na tashi na ce ai nan da kwanar can ne, sai in sauke. Ban kai kwanar ba. Yashi ne a kan kwalta, tayar gaba ta zame, ko gudu ba na yi. Abin da na fara ji shi ne haƙorana sun haɗu da ƙarfi, sai ɗumi yana bin wuyana. Haƙori biyu suka tafi, aka yi min ɗinki a haɓa. Da na ɗauki hular daga baya, haɓarta tana sama, ko ƙwarzane babu a jikin haɓar. Na daɗe ina kallonta. Ba ta ci amanata ba, ni ne ban sa ta aiki ba.

Ƙanin Kowa: Subhanallah. Allah ya ƙara kiyayewa, Yaya. Amma na ji ana cewa akwai wadda aka halatta a tuƙa da ita a ɗage?

Mai Dogon Zango: Akwai, ita ce mai P/J. An gwada ta a rufe an gwada ta a buɗe, kuma tana da abin da yake riƙe haɓar a sama kada ta faɗo ta rufe maka ido kana tafiya. Wasu ma, irin su Shark Evo da LS2 Valiant, haɓar tana zagayawa har ƙeya ta kwanta, don kada iska ta riƙa fizgar kai. Sai dai ka fahimce ni da kyau: in tana buɗe, hula ce marar haɓa. Takardar shaida ba za ta shiga tsakanin muƙamuƙinka da kwalta ba.

Ma'aikaciyar Jinya: Ina karanta ku tun ɗazu. Baba, ka yi haƙuri, akwai ɓangaren da nake gani a wurin aiki wanda ya sa ba zan kushe mai ɗagawa ba. Mafi munin raunin da ake kawo mana ba na masu rufaffiya ko masu ɗagawa ba ne. Na wanda hularsa tana rataye a hannun babur ne saboda ta ishe shi, ko wanda ya ɗora ta bai ɗaure maɗauri ba, ta yi tsalle tun kafin kansa ya kai ƙasa. Nazarin Cochrane, ƙungiyar da ke tattara sakamakon binciken lafiya, ya nuna sa hular kwano yana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kusan kashi 69. Wannan ribar ta wanda hular take kansa ce. In yaron nan tabarau ne yake sa shi cire hula duk inda ya tsaya, wata rana zai ce tafiyar kusa ce, ya bar ta. Gara wadda zai iya zama da ita. Sannan in tsautsayi ya faru, muna iya ɗaga haɓar mu ga fuska, mu duba numfashi, ba tare da mun ja hular mun motsa wuya ba.

Dattijo: 'Yata, wannan hujjar taki ta fi ta kowa shiga ta. Ban janye ba, ni dai rufaffiya zan ci gaba da sawa, kuma duk mai gudu sosai ita zan ce ya saya. Amma ban isa in ce mai ɗagawa ta gari ba hula ba ce.

Makanike: Saura abu biyu da ba a gaya masa ba, kada ya saya ya yi da-na-sani. Ta fi nauyi, yawanci tana kai kilo 1.6 zuwa 1.8, alhali rufaffiya da yawa ba su kai haka ba, kuma a doguwar tafiya wuya yana sanin bambancin. Ta kuma fi ƙarar iska saboda tsagin mahaɗa, sai ka tanadi abin toshe kunne. Wajen gwaji, ka auna kanka da tef ɗan sama da gira, ka sa hular ka rufe haɓar, ka zauna da ita minti 15 ko 20. Wasu suna gwadawa a buɗe su ji daɗi, sai sun rufe su ji ƙashin haɓarsu yana taɓa gaba. In yana taɓawa, ba taka ba ce, ko da lambar ta yi daidai. Ka ɗaure maɗauri, ka kama ta ta ƙeya ka tunkuɗo gaba. In ta nemi fita, ta yi maka yawa.

Ƙanin Kowa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na rubuta: ECE 22.06 mai P ko P/J, lissafin kulle na SHARP, turakun ƙarfe, "ƙas" biyu, gwaji a rufe da tabarau a idona. Yaya Mai Tabon Haɓa, tambaya ɗaya. Bayan abin da ya faru, rufaffiya ka koma?

Mai Tabon Haɓa: A'a, mai ɗagawa na sake saya, don waccan ta bugi ƙasa ta gefe, kuma hular da ta sha duka ba a ƙara amince mata ko da ba a ga tsagewa ba. Abin da na canza shi ne tsarin tashi. Yanzu ba na sa giya sai na sauke haɓar, na ji ta kama, na tura ta sama da yatsa na tabbatar. Ko daga ƙofar gida zuwa bakin layi ne.