Wa ya zaɓa muku abin da kunka karanta bayan bak?

Yayar mai bak: Salama alaikum 'yan uwa. Ƙanena ya samu bak D, wato jarrabawar ƙare sakandare ta ɓangaren kimiyya, bana nan Tahoua, tun rannan gida ba lahiya. Shi lissafi yake so, baba ya ce likitanci ko ba komi, kawu kuma ya ce a daina wahal da yaro a haɗa mishi kuɗin mota ya tahi bida Abija ta Kodebuwa wurin 'yan uwa. Don Allah kowa ya faɗi yadda tashi ta kasance.

Tsohon mushe (malamin lakkwal): Ɗiyata, zamaninmu babu wagga gardama. Gwamnati ke oriyante ka, ta ba ka bursi, in ka ƙare aiki na jiranka, har ƙauyen da za a kai ka an sani. Sai tsarin tsuke bakin aljihu na FMI, wato Asusun Lamuni na Duniya, da Bankin Duniya ya shigo anka daina ɗauka kai tsaye, ga karyewar sefa a Janairun 1994, daga baya anka cika lakkwal da kontiraktuwel, wato malaman kwantiragi. Daga nan shawarar da muke ba yara ta canza ba tare da mun ma lura ba. Ni da bakina na tura yara seri D waɗanda na san sarai 'yan A ne, wato ɓangaren adabi, akwai wata yarinya da ke rubutu kamar ruwa na ce mata adabi ba ya cida gida, ta je ta faɗi bak sau biyu anka yi mata aure. Har yau abin na cina. Amma kuma in uba talaka ya zauna gabanka ya ce mushe wane karatu ke kawo albashi da wuri, mi za ka ce mishi?

Mai shagon waya: Hhhh baba mushe mu man fetur ya ci mu. 2011 da anka buɗe matatar Zinder kowa cewa yake arziki ya zo, malamai, iyaye, har 'yan fada. Na karanta ilimin duwatsu da ma'adinai, na yi sarbis sibik shekara 2, na raba dosiye har takalmina ya mutu, ba ni da kowa sama. Abokina da ya bi ta yuraniyom yana can Akokan anka rufe mahaƙar a Maris 2021. Yanzu ni waya nake saidawa, alhamdulillahi, sai dai na san sunan kowane dutse da ke bakin shagona.

Wata daga Yamai: Ni siyasa ce ta yi min oriyantasiyon. An karɓe ni wata jami'a a Faransa, har na sai rigar sanyi, sai juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, biza ta tsaya. Shekara guda ina gida. Mutanen da ke ce min Faransa Faransa su ne yanzu ke ce min ki duba Maroko, ki duba Turkiyya ko Rasha, ba kunya wallahi.

Ɗan fada: Mu nan shawara ɗaya ake ba mu, jira konkur, jarrabawar ɗaukar soja ko jandarma, nan ne ake ɗauka da yawa yanzu. Inna ta ce ko da wasa kar ta ji.

Mai lisans: Da na zaɓi ilimin harsuna dariya anka yi min, wai zan karanta hausar da na sha a nono. Da anka mai da Hausa harshen ƙasa a 2025 har kirana anka riƙa yi ana barka. Aikin dai shiru har yanzu.

Yayar mai bak: Na gode ƙwarai. Na karanta ma baba abin da mushe ya rubuta, ya yi shiru, can ya ce to shi mai lissafin in ya ƙare ba kontiraktuwel zai zama ba? Takardar zaɓen karatun na nan bisa tebur ba a cika ba, kawu kuma ya riga ya tambayo kuɗin tikiti.