Ra'ayoyin masu karatu na Katsina kan littattafan ban tsoro da na laifukan gaske

1. Mafi yawanmu mun yarda cewa labarin aljanu, mayu da matsafa ya fi ratsa jiki idan marubuci ya gina shi a kan abin da muka sani, kamar kangon gida, tsohuwar rijiya ko gindin tsamiya bayan magariba, maimakon aro dodannin Turawa.

2. Kada a bar wa yara irin waɗannan littattafai, musamman da dare.

3. An rabu sosai kan rubuta laifukan gaske, misali sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020. Wasu suna ganin rubutawa adana tarihi ne, wasu kuwa suka ce fama rauni ne ga iyayen da har yau suke cikinmu. Ni dai na fi karkata ga waɗanda suka ce a rubuta, amma da izinin iyalai, a sakaya sunaye, kuma kada a mayar da ɗan bindiga gwarzo.

4. Wasu sun yi gargaɗi kan littattafan da ke zayyana tsafi dalla-dalla, saboda taɓa aƙida, yayin da kaɗan suka ce ƙirƙira ce kawai.